Ƙwari Masu Ƙaho a Lambun Tabawa

A garin Gangaren Ɗinya an yi wata mata ana ce mata Tabawa, wadda in ka yi mata sallama sai ta dubi hannunka kafin ta amsa. Ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta, amma Allah ya zuba mata zargi. In kazarta ta yi ƙwai bakwai, cewa take tara ne an ɗauke biyu. Tun da mijinta ya rasu ba ta da abin da ta sa a gaba sai ɗan lambun bayan ɗakinta, mai kuɓewa da yakuwa da gauta da barkono. Bana kuwa ko tafin hannu ba ta bari ba. Har 'yar siririyar hanyar nan ta jikin danga, wadda surukarta ta mutu tana gargaɗin kada a shuka, ta bi ta cusa mata kuɓewa, ta kuma toshe kafar da ke ƙasan dangar da ƙaya, wai ta nan ake zuro hannu ana tsinke mata yakuwa.

Bayan dangar kuwa ba kowa ba ce face ƙawarta Hansai mai daddawa. Ita ma mijinta ya rasu, tana zaune a gidansa da yardar ƙannensa. Shekara goma sha tara suna miƙa wa juna gishiri da garwashi ta saman dangar nan. Irin kuɓewar da Tabawa ta shuka bana ma Hansai ce ta ƙulle mata shi a tsumma ta ba ta.

Ran nan da hantsi, damina ta yi tsakiya, Tabawa ta shiga tsinkar kuɓewa sai ta tarar ganyen duk ya koma rariya. Ta ɗaga ganye guda, sai ga wasu irin ƙwari a maƙale. Ita dai ba baƙuwar ƙwari ba ce. Fara da babe da buzuzu da tsutsar gauta duk ta san su, ta san ɓarnar kowanne. Amma waɗannan ba ta taɓa ganin irinsu ba tun da uwarta ta haife ta. Kowanne ya kai babban yatsa, baƙi ƙirin, yana sheƙi irin na rigar da ta sha bugu. Ga ƙahoni biyu farare sun lanƙwasa sama, ga ɗan tozo a bayan wuya, a gefen hagu kuma kowanne da zane uku kamar an ɗora masa allura mai zafi. Da rana ta take sai ta ga sun kwanta a inuwar ganye suna tuƙa.

Ta kama guda ta rufe a ƙoƙo ta shiga gari da shi. Tsoho Nomau, wanda ya yi shekara sittin yana noma, ya duba ya juya, ya ce shi kam bai san wannan ba. Malamin gona da ke zuwa ran kasuwa ya buɗe littafinsa mai hotunan ƙwari, ya bi shafi-shafi har bango, ya ce ta ba shi ya tafi da shi birni a bincika. Tabawa ta fizge ƙoƙonta, don ta tabbata sayarwa zai yi.

Ta koma gida ta kwaso toka daga murhu, ko hucewa ba ta bari ta yi ba, ta watsa wa kuɓewar. Ƙananan cikinsu suka zube ƙasa suna wani siririn kuka, manyan suka watse. Washegari sai ga su sun dawo sun fi na jiya. Nan ne fa ta yi ɗage ta leƙa ta saman danga. Kuɓewar Hansai shar da ita, ko huda ɗaya babu a ganye. Tabawa ta sauko a hankali tana gyaɗa kai. Iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya. Ai ruwa ba ya tsami banza.

A bakin rijiya ta saki maganar. Ba ta ma kama suna ba, ta dai ce wadda ta ba ta iri ita ta san abin da ta ƙulla a cikin tsumman. To, magana zarar bunu ce. Kafin la'asar gari ya ɗauka Hansai na kiwon ƙwari a tukunyar daddawa, kafin kwana biyu an ce mayya ce, wata har ta tuna ɗanta ya yi zazzaɓi bara bayan ya sha miyar daddawarta. Aka daina sayen daddawa, mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ta gifta. Ƙannen mijinta, waɗanda da ma gidan ya daɗe yana tsone musu ido, suka kai magana zauren Mai Unguwa Barmo, suka ce ba za su zauna da mayya ba, ran Juma'a ta tattara ta koma wa danginta. Hansai ta yi ta rantsuwa har muryarta ta dushe. Mai Unguwa ya ce shi ba zai hana masu gida ikon gidansu ba, sai dai in wadda ta fara maganar ta janye. Tabawa ta ce ba janyewa ba, hujja ma za ta kawo.

Ran Laraba da la'asar ta ɗaura wa babban cikin ƙwarin zare a ƙafa, ta naɗe ɗaya bakin a yatsanta, ta tsuguna tana jira, don ta sakankance zaren nan ɗakin Hansai zai kai ta. Da rana ta yi sanyi ƙwarin suka tashi suka jeru, mai zare a gaba, suka ratsa ƙayar da ta toshe kafa suka shiga lambun Hansai. Tabawa ta ce a ranta, kifi na ganinka mai jar koma, ta tsallake danga ta bi. Amma ko waiwayar ɗakin Hansai ba su yi ba. Suka miƙe ta wata siririyar hanya da Hansai ta bari ba shuka, suka fita bayan gida, suka nufi wani tsohon turmi da ke kife a gindin kuka. Mai zare na shiga ƙarƙashin turmin, zaren ya fizge ta da ƙarfin igiyar sa, ta faɗi rub da ciki, ta bi shi ta ramin da ko ɓera sai ya matse.

Da ta buɗe ido sai ta gan ta a wata ƙasa wadda samanta kore ne shar, da jijiyoyi a jikinsa irin na bayan ganye. Babu rana, amma ko'ina da haske. Itatuwan wurin duk kuɓewa ne, kowace ta fi rimi tsawo. Zaren ya tsinke, ƙwarin sun yi nisa, sai sawunsu a ƙasa. A bakin hanya wani ƙoƙi-ƙoƙi na tsaye, tsawonsa ya kai raƙumi, ya harɗe hannuwansa masu zarto a ƙirji.

"Ya ke 'yar Adam," in ji shi, "ba a shigowa ƙasar Ƙarƙashin Ganye sai da buƙata. Mece ce taki?"

Tabawa ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, mai turo mini ƙwari lambu nake nema."

"To, bi sawun nan har wurin Magajiya, ita ce mai amsa wannan. Amma ki ji dokar ƙasarmu. Duk wanda kika zarga da abin da bai yi ba, nauyin zargin zai hau kanki, kuma babu gammo."

Ya kauce mata ta wuce, tana tafe tana waiwaye ko zai sare ta ta baya.

Ba ta yi nisa ba ta iske kogi, ba na ruwa ba, na yauƙi, yana tafiya a hankali yana jan zare. Mai fito wani ƙaton buzuzu ne, jirginsa ɓawon busasshiyar kuɓewa. Ya ɗauke ta suka fara ƙetarewa. Suna tsakiya ya karkata jirgin don ya kauce wa wani wuri da yauƙin ke juyawa, ita kuwa ba ta lura da wurin ba. Bakin da ya saba ai ba ya jin tsoro. Ta ce masa ta gane shi sarai, so yake ya kai ta inda ba kowa ya kifar da ita. Rufe bakinta ke da wuya wani dutse kamar ɗan dutsen niƙa ya dira a tsakar kanta. Jirgi ya nutse har baki, yauƙi ya fara malalowa ciki yana kama mata ƙafa. Tana kwashewa da hannu yana zamewa, buzuzu na tuƙi da duk ƙafafunsa shida, da ƙyar da jiɓin goshi suka kai gaɓa. Ta sa hannu ta ture dutsen, ina, sai ka ce da shi aka haife ta.

Daga nan hanya ta ratsa birnin gara, mai ganuwar jar ƙasa da lunguna sun fi dubu, mazaunansa duk makafi amma ba mai karo da wani. Ƙishirwa ta kama ta har harshenta ya manne. Wata tsohuwar gara da ke zaune a ƙofar gida ta ji hakinta, ta miƙo mata ruwa a ƙoƙo tana yi mata sannu da hanya. Tabawa ta karɓa, ta kai baki, sai halin ya motsa. Ta sunsuna, ta tambayi tsohuwar me ta zuba a ciki. Kai, wasu mutane ba sa jin magana! Dutse na biyu ya sauka kan na farko, ƙoƙo ya suɓuce, ruwa ya bi ƙasa. Tsohuwar ta lalubi ƙoƙonta ta shige gida.

Bayan ganuwa sai wani fili fari fat, iyakar ganinta, yana hayaƙi. Toka ce, da jajayen garwashi nan da can, kuma sawun ya bi ta tsakiyarta. Ta sa ƙafa ta janye. Ta duba hagu da dama, babu wata hanya. Da ba kaya a kanta da ta sheƙa a guje ta wuce, amma duwatsun nan biyu na danna ta, kowane taku sai ƙafa ta nutse har idon sawu. Tana tafe tana kuka tana kiran sunan Allah, har ta fara ganin ɓawon gyaɗa da guntayen karan dawa a cikin tokar, rabinsu a ƙone, manya-manya kamar gungume. Ta gane su. Da su ta hura wuta ranar da ta watsa wa kuɓewarta toka.

Ta fita ƙafafunta duk sun ƙone, sai ga ta a wani dandali mai ciyawa. Ƙwarin nan ne a kwance sun fi ɗari biyar, amma a nan kowanne sai mutum ya ɗaga kai zai ga ƙahonsa. A gefe guda an jera ƙanana a inuwa, bayansu a ƙone, ana shafa musu mai. Wata mace doguwa na zaune a tsakiyarsu da ƙwarya a cinya, fatarta baƙa mai sheƙi, kowane idonta kuwa ƙananan idanu ne sun fi ɗari a haɗe, duk suna kallon Tabawa a lokaci guda. Ita ce Magajiya.

"Lale da mai toka," in ji ta. "An ce kin zaga garinku da ɗaya daga cikinsu a ƙoƙo kina tambayar sunansa. Ga su nan gabanki. Dube su da kyau ki faɗa mini ko su mene ne. In kin faɗa daidai, ki yi tambayarki. In kin kuskure, ki zauna nan kina kwashe musu kashi har ranar mutuwarki."

Tabawa ta duba. Ƙaho, tozo, tuƙa, ga zane uku a gefen hagu irin wanda makiyaya ke yi wa dabbarsu da wuta don kada ta ɓace. Duk wannan ta gan shi tun ranar farko a lambunta, ita da ta tashi tana zuwa ruga sayen nono. Kunya ta kama ta.

"Allah ya ja zamaninki, shanu ne, kuma da mai su."

"Kin faɗa daidai. Yi tambayarki."

Mai hali dai ba ya fasa halinsa. Tabawa ta buɗe baki ta ce, "Me Hansai ta ba ki kika turo mini su?"

Dutse na uku ya sauko, ya fi biyun farko a haɗe, ya kai ta ƙasa bisa gwiwoyinta. Magajiya ta jira har numfashinta ya dawo.

"Ba a turo shanu, 'yar Adam, hanya suke bi. Tun kafin a kafa garinku burtalinmu ya tashi daga gindin kuka, ya bi jikin danga, ya sauka magudanar rijiya inda suke shan ruwa. Faɗinsa taƙi ɗaya ne a ma'auninku. Surukarki ta sani, ta bar mana. Maƙwabciyarki ba ta san mu ba, amma an ce mata kada ta shuka, ba ta shuka ba, shi ya sa suke ratsa lambunta ba su taɓa ganye. Ke kika nome burtali kika datse shi da ƙaya. A ƙasarku, in manomi ya nome hanyar shanu suka ci amfanin, wa ake ba laifi?"

Babu wanda bai san amsar ba a Gangaren Ɗinya. Tabawa ta tuna Hansai a zauren Mai Unguwa tana rantsuwa, ita kuma tana gefe tana taɓe baki, sai baƙin ciki ya rufe ta har ta manta zafin ƙafafunta. Ta roƙi Magajiya ta ba ta shaida, ko sa ɗaya da girmansa, ko ƙwaryar nono, abin dai da za ta nuna wa mutane su yarda Hansai ba ta da hannu.

"Ranar da kika yi magana a bakin rijiya, da wace shaida kika fita? Yadda kika kai ta hannu rabbana, haka za ki je ki ɗauko ta. Abin da kika gani a nan kuwa, in kika faɗa wa ɗan Adam harshenki zai bushe a bakinki. Alhakin maruƙana filin toka ya karɓa daga ƙafafunki, na yafe. Mai fito da tsohuwa su ma sun yafe." Duwatsu biyu suka gangaro ƙasa. "Na ukun nan ba namu ba ne, ba mu da ikon sauke shi. Ki yi sauri, don wunin nan namu kwana biyu ne a wajenku. Yau Juma'a."

Kada ku tambaye ni inda na ji duk wannan, ni dai ba ɗan Adam ne ya gaya mini ba. Aka ɗora ta a bayan bijimin da ta ɗaura wa zare, ya zabura, ta runtse ido, ta buɗe sai ga ta yashe a gindin kuka kusa da turmi, hantsi ya ɗaga. Dutsen ba mai ganinsa, amma wuyanta ya san yana nan. Ta ja ƙafafu ta zagayo ƙofar gidan Hansai. Unguwa duk ta taru nesa-nesa ana kallo. Wan Hansai, Jatau, ya zo daga ƙauyensu da jakai biyu, an ɗaure tukwanen daddawa da tabarma da akwati. Hansai na tsaye a lulluɓe, ba wadda ta matso yi mata sallama. Mai Unguwa da ƙannen mijin na gefe guda.

Da aka ga Tabawa, wadda kwana biyu ba a ji ɗuriyarta ba, ga ƙafafu a ƙone ga wuya a karkace, sai aka fara raɗa cewa ga aikin mayyar nan ya fito fili. Mai Unguwa ya tambaye ta ko hujjar ce ta kawo.

"Baba Mai Unguwa, ba ni da hujja, ban kuma taɓa samunta ba. Hansai ba ta yi mini komai ba, irin da ta ba ni lafiyayye ne. Ƙwarin nan ni na jawo wa kaina da hannuna, tokar da ta ƙone ni ma tawa ce. Ƙazafi na yi mata, ku shaida, kuma na janye."

Nauyin ya sauka, wuyanta ya miƙe har ya yi ƙara. Nan take sai kowa ya shiga cewa shi da ma bai yarda ba, har da uwar mai zazzaɓin bara. Ƙannen miji suka kama susar ƙeya. Mai Unguwa ya ce tun da mai magana ta janye, magana ta mutu, a sauke kaya. Jatau ya kai hannu kan igiya, Hansai ta ce ya dakata.

Ta tako har gaban Tabawa. Ta rame, idanunta sun faɗa, amma ba ta ɗaga murya ba.

"Ƙawa, abu ɗaya zan tambaye ki, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ranar da kika faɗi maganar nan, haushi ne ya ɗebe ki kika yi mini ƙarya, ko kuwa har cikin ranki kin yarda zan iya?"

Tabawa ta so ta ce haushi ne. Kalma ɗaya ce, da ta faɗe ta da an sauke kaya. Amma an haɗa ta da Allah, kuma wuyanta ya gaji da ɗaukar dutse.

"Na yarda, Hansai. Har cikin raina na yarda."

Hansai ta gyaɗa kai, hawaye na zuba ba ta share ba. "Da ƙarya kika yi mini da na zauna. Na gode da kika wanke ni, yanzu da sunana zan tafi. Na yafe miki duniya da lahira." Ta juya wajen wanta. "Yaya, mu je, kada rana ta yi mana."

Aka yi ta ba ta baki. Mai Unguwa ya roƙa, ƙannen miji ma don kunya suka roƙa, amma ba ta fasa ba. Jakai suka kama hanya tukwane na karo da juna, Tabawa na tsaye da ƙonannun ƙafafu tana kallo har suka ɓace a gangare. Nan zan tsinke zancen, don abin da ya rage kukan Tabawa ne, shi kuwa ba ya faɗuwa.